Ta ina zan fara littattafan Uhtred na Bernard Cornwell? Ga yadda ake bi daki-daki

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga waɗanda suka gama kallon The Last Kingdom a Netflix suka ji ashe daga littafi aka ɗauko labarin. Wani ya ce shi na biyar ya samu a wajen mai sayar da littattafan gwanjo ko zai iya farawa da shi, wani ya ce tunda ya kalli fim ɗin ai sai ya tsallake na farko-farkon, wani kuma ya je ya sayo wani littafi daban na marubucin yana zaton shi ne. To bari in jero muku komai a wuri ɗaya. Amsar a gajarce ita ce ka fara da na ɗaya, amma akwai 'yan abubuwan da in ba ka san su ba za ka yi asarar kuɗi ko ka ajiye karatun tun ba ka kai inda daɗin yake ba.

1. Ka tabbatar da wane jerin kake nema kafin ka fitar da ko sisi

Littattafai 13 ne, Bernard Cornwell ɗan Ingila ya rubuta su tsakanin 2004 da 2020, kamfanin HarperCollins ke buga su. Labarin wani jarumi ne mai suna Uhtred na Bebbanburg, ɗan sarautar Sakson, wato mutanen Ingila na wancan zamanin, da 'yan Denmark suka kama yana yaro suka raine shi, ya tashi yana ƙaunarsu amma rantsuwa ta ɗaure shi yana yi wa Alfred, sarkin Wessex a kudancin Ingila, yaƙi da su. Matsalar ita ce jerin yana da suna fiye da ɗaya. A wani bangon za ka ga The Saxon Stories, a na Amurka za ka ga The Saxon Tales, tsofaffin bugun Ingila The Warrior Chronicles suka sa, sababbin kuma bayan fim ya fito sai aka koma The Last Kingdom Series. Duk abu ɗaya ne, labarin ciki bai canza ba.

Hattara a nan: akwai wani jerin na mutumin nan da ake kira The Warlord Chronicles, littattafai uku, The Winter King na 1995, Enemy of God na 1996 da Excalibur na 1997. Wannan labarin sarki Arthur ne, ɗaruruwan shekaru kafin Uhtred, kuma a cikinsa Sakson ɗin ma su ne abokan gaba. Warrior da Warlord, harafi biyu-uku ne ya raba su, ga shi kuma littafin ƙarshe na Uhtred sunansa War Lord, to ka ga yadda mutum zai rikice. Dabarar mai sauƙi ce, juya bayan littafin ka duba, in ba ka ga sunan Uhtred ba ka mayar wa mai shago kayansa. Ba wai na Arthur ɗin ba shi da kyau ba ne, ni a wajena ma yana cikin mafi kyawun abin da ya rubuta, kawai dai ba shi kake nema ba yanzu.

2. Rubuta jerin a wayarka

Ba duk bugu ne ke sa lamba a bango ba, don haka ka kwafe wannan ka ajiye inda za ka iya dubawa a tsaye a gaban mai littafi:

1. The Last Kingdom, 2004
2. The Pale Horseman, 2005
3. The Lords of the North, 2006
4. Sword Song, 2007
5. The Burning Land, 2009
6. Death of Kings, 2011
7. The Pagan Lord, 2013
8. The Empty Throne, 2014
9. Warriors of the Storm, 2015
10. The Flame Bearer, 2016
11. War of the Wolf, 2018
12. Sword of Kings, 2019
13. War Lord, 2020

Abin daɗin shi ne yadda aka buga su haka labarin ya tafi, babu wani littafi da ya koma baya ya cike gurbi, saɓanin jerin Sharpe na marubucin inda ya riƙa komawa baya yana saka sababbi a tsakiya har mutane na musu kan tsarin karatu. Nan babu musu. Daga shekarar 866 da 'yan Denmark suka ci birnin York har zuwa yaƙin Brunanburh na 937, a miƙe.

Ka lura da na 4 da na 12, Sword Song da Sword of Kings, sai kuma na 6, Death of Kings. Mutane na yawan cakuɗa su lokacin oda a intanet. Na 3 kuma a bugun Amurka babu The a gaban sunan, kar ka ɗauka wani littafi ne daban ka saya sau biyu.

3. Gwada kafin ka saya, kuma kar ka sayi duka lokaci ɗaya

Manhajar Kindle da Google Play Books duk suna ba da ɗanɗanon farkon littafi kyauta, data kawai za ka kashe. Sauke na The Last Kingdom ka karanta. Dalilin da ya sa nake cewa haka, Turancin ba mai wuya ba ne sosai, jimlolinsa a miƙe suke, amma muryar mai ba da labarin ce ko ta kama ka ko ta ƙi. Uhtred ne da kansa yake ba da labari bayan ya tsufa, tsoho mai girman kai da baƙar magana da son yabon kansa, in wannan muryar ba ta yi maka ba a shafukan farko to ba za ta yi maka a littafi na goma ba, ka huta.

In ta yi maka, sayi na 1 da na 2 kawai. Wajen lissafin kuɗi ka tuna duk abin da ka biya na guda ɗaya sau goma sha uku za ka biya shi in ka yi nisa, don haka tun yanzu ka zaɓi hanyar da aljihunka zai ɗauka. Mai taurin bango shi ya fi tsada kuma ba ka buƙatarsa. Mai laushin bango na gwanjo shi ne mafi araha in ka dace, sai dai da wuya ka same su a jere a wajen mutum ɗaya, yau ka ga na 7 gobe ka ga na 3. In ka ga na gaba da araha ka saya ka ajiye, ba laifi, amma ka ajiye ɗin, kar ka buɗe. Na waya kuma ba ya ɓata ba ya yagewa, kuma kana danna kalma fassararta ta fito, wanda ga mai koyon Turanci ba ƙaramin taimako ba ne. In oda za ka yi daga waje, haɗa biyu ko uku a tafi ɗaya saboda kuɗin aikowa wani lokacin ya kan kusa kamo kuɗin littafin.

Ga mai sayen gwanjo: buɗe farko ka tabbata taswira da jerin sunayen garuruwa suna nan, buɗe ƙarshe ka tabbata bayanin tarihin da marubucin ke sawa bai yage ba. Waɗannan shafukan su ke fara fita daga tsohon littafi kuma za ka ga amfaninsu a mataki na gaba.

Masu son saurare maimakon karantawa, akwai su a Audible. Abu biyu za ka duba. Na farko akwai waɗanda aka taƙaita aka yanke sassa, akwai cikakku, duba a jikin bayanin ka ga an rubuta unabridged, shi ne cikakke. Na biyu mai karantawar yana canzawa a tsakiyar jerin, Jonathan Keeble ne ya yi na farko-farkon daga baya wasu suka karɓa, kuma kowa da yadda yake furta sunaye, sai ka ji mutumin da ka saba da shi an kira shi wani iri. Kwana biyu kunne zai saba.

4. Tanadi kayan aiki: taswira, sunayen gari, takarda da biro

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, ba a Turanci ba, a sunaye. Marubucin ya yi amfani da tsofaffin sunayen garuruwa, don haka ko ka san Ingila sarai za ka ji kamar wata ƙasa ce. A farkon kowane littafi akwai jerin sunayen da fassararsu, sa ɗan kati a shafin ko ka ɗauki hotonsa da waya. Waɗanda za su yi ta dawowa: Bebbanburg shi ne Bamburgh a can arewa bakin teku, Eoferwic shi ne York, Lundene Landan ke nan, Wintanceaster shi ne Winchester hedikwatar Alfred, Dunholm shi ne Durham, Beamfleot Benfleet, Ceaster kuma Chester. In ka riƙe waɗannan bakwai ka gama da rabin wahalar.

Sai masarautu huɗu, ka zana su ko da da biro a bayan takarda: Northumbria a arewa, Mercia a tsakiya, East Anglia a gabas, Wessex a kudu. Ukun farko 'yan Denmark sun murƙushe su ɗaya bayan ɗaya, Wessex ce kaɗai ta rage a tsaye, ita ce masarautar ƙarshen da sunan littafin farko ke nufi.

Sunayen mutane kuwa sai haƙuri. Gidan sarautar nan kamar gidan da kowane ɗa sunansa ya fara da Abdul ne, sai ka jira ƙarshen sunan kafin ka san wa ake kira. Su nasu Æthel ne. Wannan harafin na A da E a manne karanta shi kamar a ko e kawai ka wuce, ba wanda zai yi maka jarabawa. Rubuta waɗannan a takardarka:

Æthelflaed 'yar Alfred ce, ka riƙe ta da kyau domin ita ce mace mafi muhimmanci a jerin gaba ɗaya, kuma mutum ce ta gaske a tarihi, ta mulki Mercia daga 911 har rasuwarta a 918. Æthelred guda biyu ne, akwai yayan Alfred da ya yi sarauta kafin shi, wannan a littafin farko kawai za ka gan shi, akwai kuma na Mercia mijin Æthelflaed. Æthelwold ɗan wancan yayan ne, yana ganin shi ya kamata ya gaji sarauta aka ba kawunsa. Æthelstan jikan Alfred ne, sai can gaba zai shigo. Æthelhelm wani attajirin basarake ne a Wessex, shi ma can gaba. Ælfric kawun Uhtred ne da ya ƙwace masa gida, Ælswith matar Alfred. Ragnar ma biyu ne, uba da ɗa, uban shi ne ɗan Denmark ɗin da ya raini Uhtred. Shi kansa sunan Uhtred gado ne a gidansu, ubansa Uhtred, yayansa Uhtred, shi da Osbert aka raɗa masa sai da yayan ya mutu aka juya masa suna, kuma ɗansa ma haka.

Kar ka je intanet neman wane ne wane. Wallahi layin farko na shafin zai gaya maka shekarar da mutumin ya mutu da wanda ya kashe shi. Takardarka ta ishe ka.

Akwai 'yan kalmomin zamanin da ba za ka samu a ƙaramin ƙamus ba. Ealdorman babban hakimi ne mai riƙe da yanki, thegn mai ƙasa ne da ke ƙasa da shi, fyrd rundunar talakawa manoma da ake tarawa in yaƙi ya taso, witan majalisar sarki, burh gari mai ganuwa, wergild kuma diyya. Shi ke nan, sauran za ka gane daga yadda aka yi amfani da su.

5. Karanta na 1 da na 2 a jere, kar ka sa tazara

Ni ina ɗaukar su littafi ɗaya ne da aka raba biyu. Na farko yarinta ce da tasowa a hannun Ragnar, da yadda ya fara haɗuwa da Alfred, wanda ya hau mulki a 871. Na biyu shi ne lokacin da Guthrum, jagoran mayaƙan Denmark, ya kusa gamawa da Wessex, sarki guda ya koma ɓuya a cikin fadamar Athelney da 'yan tsirarun mutane, har zuwa yaƙin Ethandun a 878. In ka tsaya a ƙarshen na farko ka tafi wata uku, sunayen nan da ka sha wahalar riƙewa duk za su zube.

Gargaɗi biyu a nan. Uhtred na littafi na biyu saurayi ne mai taurin kai da wauta, zai yi abubuwan da za ka ji kamar ka mare shi, wasu a nan suke ajiye littafin. Da gangan aka yi shi haka, tsohon da ke ba da labarin ma yana zagin kansa na wancan lokacin. Yi haƙuri ka kai Ethandun tukun ka yanke hukunci.

Na biyun ya fi muhimmanci ga iyaye da malamai. Littattafan nan ba na yara ba ne. Akwai jini sosai, in aka shiga layin garkuwa, wato sahun mayaƙa da suka haɗa garkuwoyinsu kamar bango, ana kwatanta sara da suka ba ɓoye-ɓoye, akwai bautar da mutane, fyaɗe, ashar da zancen kwanciya. Shi jarumin kuma Thor da Odin yake bauta wa, yana yawo da layar guduma a wuya, kuma ba shi da aiki sai yi wa limaman coci ba'a, duk da cewa wasu daga cikin aminansa na ƙut da ƙut limaman ne irin su Beocca da Pyrlig. Ka san da wannan kafin ka miƙa wa ƙaninka ɗan sakandare don wai ya gyara Turanci.

Bayanin tarihin da ke ƙarshe kuma a ƙarshen za ka karanta shi, ba a farko ba. A nan marubucin ke faɗin abin da ya faru da gaske da abin da ya ƙirƙira ko ya matsar da shekararsa, yana da amfani ƙwarai amma yana tona ƙarshen labari. Shi Uhtred ɗin ƙirƙira ne, Alfred da 'ya'yansa da Guthrum da Ubba da manyan yaƙe-yaƙen kuwa na gaske ne.

6. In ka kalli fim, ga inda kake, amma kar ka yi tsalle

Fim ɗin sizin biyar ne, ya fara a 2015 a BBC daga baya Netflix ta karɓa ya ƙare a 2022, Alexander Dreymon ne ya fito a Uhtred. Kusan kowane sizin littafi biyu ya ci: na ɗaya 1 da 2, na biyu 3 da 4, haka har na biyar ya tsaya wajen 9 da 10. Sai Seven Kings Must Die na 2023 da ya rufe da yaƙin Brunanburh.

To sai mutum ya ce tunda na ga sizin biyar bari in fara daga na 11. Kuskure ne babba. Sizin biyun farko sun bi littafi bakin gwargwado, amma daga na uku hanya ta fara rabuwa, zuwa na huɗu da na biyar kusan sunaye ne kawai suka rage iri ɗaya. Akwai waɗanda fim ya kashe da wuri alhali suna nan da ransu a littafi, akwai waɗanda aka haɗe mutum biyu aka mai da su ɗaya, akwai irin su Steapa da a littafi babban mutum ne tun daga na biyu amma a fim ɗan rakiya ne. In ka faɗa na 11 kai tsaye za ka tarar ana maganar mutane da tsofaffin gaba da ba ka san asalinsu ba. Ga kuma shekaru, a fim mutumin bai wani tsufa ba, a littafi kuwa kana ji yana tsufa, gwiwa na ciwo, har ya kai wajen tamanin a na ƙarshe, kuma rabin daɗin littattafan baya-bayan nan a nan yake.

In dai ka rantse ba za ka maimaita abin da ka kalla ba, mafi nisan da zan yarda ka fara shi ne na 3, The Lords of the North, tunda a nan ya bar Wessex ya koma arewa labari ya buɗe sabon shafi da Guthred da Kjartan. Amma ni dai ban ba ka shawarar ba.

7. Daga na 3 zuwa sama, ka san wuraren hutawa

Kowane littafi shafi ɗari uku da wani abu ne, wasu su ɗan haura, in kana karanta shafi talatin a rana wajen sati biyu ka gama ɗaya. Kar ka ce sai ka haɗiye goma sha ukun a jere. Tsarinsu yana kama da juna, a wulaƙanta Uhtred, a kore shi, abu ya ɓaci a dawo ana neman shi, a yi babban yaƙi a ƙarshe, in ka jera shida ba hutu sai ka fara ganin ɗinkin. Kuma saboda an rubuta su da tazarar shekara ɗaya ko biyu, yana maimaita bayanin takubbansa da yadda ake tsayuwa a layin garkuwa a kowane littafi don sababbin masu karatu, in ka zo wajen ka bi da sauri.

Wurin hutu na farko ƙarshen na 2. Na biyu ƙarshen na 6, Death of Kings, inda zamanin Alfred ya ƙare da rasuwarsa a 899 ɗansa Edward ya hau, wannan ba tona asiri ba ne sunan littafin ma ya faɗa. Daga 7 zuwa 10 ka ɗauke su tare, zamanin Æthelflaed ne da maganar Bebbanburg, kuma ƙarshen na 10 wurin tsayawa ne mai kyau sosai, wanda ya tsaya nan bai yi asara ba. Ukun ƙarshe na Æthelstan ne da haɗe ƙasar ta zama Ingila ɗaya.

In ka buɗe na 8, The Empty Throne, ka ji muryar ta canza kar ka ɗauka an sayar maka da jabu, ɗan Uhtred ne ke ba da labarin a gabatarwar, daga baya uban ya karɓa.

8. Abin da za ka bari sai ƙarshe

Akwai Uhtred's Feast da ya fito a 2023, wanda ya yi tare da Suzanne Pollak. Wasu shagunan intanet na jera shi kamar na 14, ba cikakken labari ba ne, girke-girken abincin zamanin ne da bayanin rayuwarsu da 'yan gajerun labarai na Uhtred a tsakani. Kar ka fara da shi kuma kar ka biya kuɗinsa kana zaton ci gaban War Lord ne. In ka gama sha ukun kana jin kewa sai ka nema, in kuma yaƙi kake so ba girki ba, lokacin ne za ka koma wajen mai shagon nan ka karɓo The Winter King da ka mayar masa a mataki na ɗaya.